Tambayoyi Goma na Ranar Asabar

Baijnath ya buga almakashi a jikin kofin ƙarfe sau uku, alamar an yi kuskure.

"Me kuma na yi?" in ji Tripathi, ya toshe bakin wayar da tafin hannunsa. "Abin da ka rubuta shi na karanta. In rubutunka ya koma sawun kyankyaso, ai ba laifina ba ne."

Majinyacin ya miƙo yatsa ya ɗora a kan layi na shida. Tripathi ya gyara tabarau ya sake dubawa. Ashe kalma ɗaya ya tsallake.

"Tauji, ina jin ku fa," in ji muryar Sulekha daga cikin wayar, tana dariya. Haka take kiran Tripathi tun tana rarrafe, don ya girmi mahaifinta da shekara uku, kuma bango ɗaya ne tsakanin gidajensu. "Na gane tambayar. Manila ce amsar. Ka ce wa Babuji ya bar kofin nan ya huta."

Ta ci tara cikin goma. Babujin nata, mahaifinta Baijnath, ya buga kofin sau biyu, wato ya sallame ta, ta kashe wayar.

Shekara tara ke nan ana wannan abu a gidan, ƙarfe bakwai na kowace safiya. Baijnath kan karanta jarida daga kai har gindi, ya yanke abin da yake ganin zai iya fitowa a jarrabawar ɗaukar ma'aikatan banki, ya tsara tambayoyi goma, 'yarsa ta zauna a ƙasa da kofin shayinta ta amsa. Wa aka naɗa, wa aka sauke, wace ƙasa ta karɓi wane taro, nawa aka rage a kuɗin ruwa. Shi kansa ya zauna jarrabawar aikin gwamnati sau huɗu a zamaninsa, ya ƙare a mai buga keken rubutu a ofishin noman rani. Da ciwon maƙogwaro ya ɗauke masa murya wata huɗu da suka wuce, sai ya koma rubutawa, aka ɗauko Tripathi daga maƙwabta ya zama bakinsa.

Tripathi bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da adabi, ya yi ritaya a wannan lungu na Allahabad inda kowane ɗaki an yanka shi uku an zuba ɗalibai, kowane rufin soro akwai mai kai da komo yana haddace sunayen madatsun ruwa. Yakan ce ƙasar da matasanta suka san hedikwatar kowane banki a duniya amma ba su taɓa kai littafi ɗaya ƙarshe ba, ta cancanci ma'aikatan da take samu. Duk da haka ƙarfe bakwai saura kwata yana bakin ƙofa. Ba shi da wani wurin zuwa.

Wannan karon shi ne na ƙarshe. Watan gobe Sulekha za ta cika talatin, daga nan ƙofar jarrabawar ta rufe mata. Ta tsallake matakin farko, mataki na biyu ranar Lahadi, kuma masu rabon wurare sun ga dama sun jefa ta Dehradun, tafiyar kwana guda a jirgin ƙasa. Tun Laraba ta tafi, kafin masu jarrabawa su cika jirage har banɗaki. Ta so ta fasa. Baijnath ya rubuta mata a gefen jarida da manyan baƙaƙe cewa in ta fasa, shi ma ya fasa shan magani.

Tripathi ya ajiye wayar, ya ɗaga takardar tambayoyin da yatsa biyu kamar wanda ya tsinci mushen ɓera.

"Baijnath Babu, wannan labarin na watan Afrilu ne. Wancan na Mayu. Kusan sati biyu kana ciyar da yarinyar nan ɗumame. Ga jaridar yau ko buɗe ta ba ka yi ba."

Da gaske ne. Jaridar tana ninke kamar yadda aka jefo ta, an ɗora ta a kan 'yan'uwanta goma sha biyu a gefen kabad. Tripathi ya ɗauka ƙarfi ne ya ƙare wa mutumin, shi ya sa ya koma jawo tsofaffin ƙunshin yanke-yankensa daga ƙarƙashin gado, kowane wata da zarensa.

Baijnath ya jawo biro ya fara rubutu mai tsawo, yana haki.

"Bar shi, bar shi," in ji Tripathi. "Ba na son lacca. Na sha ba wa wasu, na san ba ta da amfani."

Majinyacin ya dube shi, ya soke abin da ya fara, ya juya takardar. Wannan karon layi uku kawai ya rubuta, ya miƙo.

In na tafi kafin Lahadi, kada a faɗa mata. Ka yi mata tambayoyin kamar kullum. Ita za ta sa wa gawata wuta, a jira ta.

Tripathi ya karanta sau biyu. Ya ninke takardar, ya buɗe, ya sake ninkewa.

"Ka rasa wanda za ka ɗora wa wannan sai ni?"

Baijnath ya san abin da yake nufi, duk lungun ya sani. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce Tripathi yana wani gari yana duba takardun jarrabawar ɗalibai, matarsa Premlata ta faɗi a bakin famfo. 'Yan'uwansa suka yi shawara suka ga bai kamata a tayar masa da hankali yana tsakiyar aikin gwamnati ba, ga hanya da nisa. Suka ce masa zazzaɓi ne. Ya dawo bayan kwana biyu ɗauke da kwalin alewar madarar da take so, ya tarar ta rasu, an ƙona gawar, har an share tokar. Tun ran nan bai ƙara taka gidan ko ɗayansu ba.

"Ka san abin da kake roƙo kuwa? Za ta tsane ni har ta mutu. Kuma tana da gaskiya."

Baijnath ya ɗaga almakashin da ƙyar, ya buga kofin sau biyu. An sallame shi.

Bai ce ya yarda ba. Amma ya saka takardar a aljihun rigarsa.

Washegari Asabar, gari ya fara haske, mai madara bai ma iso ba, kukan Phulmati ya keto bango. Ƙanwar Baijnath ce, ta zo daga ƙauye jinya sati uku da suka wuce. Tripathi ya shiga ya tarar har ta sauko da ɗan'uwanta ƙasa a kan tabarma, ita da matar mai shagon littattafai, an ɗiga masa ruwan kogi a baki. Fuskarsa ta yi ƙanƙanta. Almakashin yana kan gado, a inda hannunsa ya sake shi.

"Ya tambayi ruwa da ido, na juya in ɗebo," in ji Phulmati. "Shi ke nan fa, Masterji. Juyawa ɗaya." Haka suke kiran malami. Ta share fuska da gefen mayafinta, ta miƙo hannu. "Ba ni wayar in kira yarinyar."

Ya zaro takardar ya karanta mata, don ita ba ta yi makaranta ba.

"Haba! Ciwo ne ya rubuta wannan, ba yayana ba. Uba ya mutu a ɓoye wa 'ya? Kuma gawa ta kwana biyu a ɗaki, a wannan zafin? Ɗana yana nan, zai iya sa wutar kafin rana ta faɗi, yadda ake yi tun kaka da kakanni."

"Ya ce ita."

"Ya ce ita! Jarrabawa, jarrabawa, shekara tara ina jin jarrabawa. Jarrabawar nan ta cinye uban, yanzu kuma za ta hana shi wuta. Kai da aka yi wa irin wannan, Masterji, kai ne za ka yi wa wata?"

Tripathi ya duba agogo. Bakwai saura minti ashirin da biyar. Mata sun fara shigowa, kuka yana ƙaruwa. Ba yadda za a yi waya a ɗakin nan.

"Ki ba ni awa ɗaya," ya ce. "In na kasa, ki kira ta da kanki."

Ya ɗauki wayar Baijnath da almakashin, ya fito. A bakin ƙofa ya yi tuntuɓe da jaridar ranar, ya sunkuya ya ɗauke ta. Ya shiga gidansa ya rufe ƙofa da tagar da ke kallon lungu, ya zauna a teburin da ya duba takardun ɗalibai dubu nawa a kansa.

Tambaya goma ba wani abu ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsara jarrabawa ba zai rasa tambaya goma a jarida mai shafi goma sha shida ba. Ya ɗauko ɗaya daga shafin farko, biyu daga shafin kasuwanci, ɗaya daga wasanni. Jimlolin suna fita tsaf. Abin kunya, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba daga baya, shi ne a tsakiyar aikin ya ji ɗan daɗi: yau dai yarinyar za ta sami labari mai ɗumi, da nahawu mai kyau.

Ƙarfe bakwai wayar ta yi ƙara.

"Tauji, ina kwana. Ya jikin Babuji?"

"Yana nan," in ji Tripathi. "Yana nan kwance. Kin shirya?"

"Na shirya. Sanyi ake yi a garin nan, ka ce masa na sa rigar da ya ce in ɗauka."

"Ta ɗaya. Me aka raɗa wa guguwar da ta sauka a gaɓar gabas?"

"Ban sani ba."

"Ba komai. Ta biyu. Wane banki ne ya sanar da sabon shugabansa?"

"Yaushe ya sanar?"

"Jiya."

Yana jin ƙarar babur can a bayanta, da wata mata tana kiran yaro ya zo ya yi wanka. Ya yi sauri ya ɗauki almakashin ya buga a jikin kofin shayinsa sau uku. Kofin tangaran ne, ƙarar ta fito siririya, ba irin waccan ba.

"Tauji," in ji Sulekha. Muryarta ta sauka ƙasa. "Babuji ba ya taɓa jaridar ranar idan jarrabawa ta rage sati biyu. Ya ce masu tsara tambayoyi sun riga sun gama sun kulle, duk abin da ya faru bayan nan nauyi ne kawai a kai. Tsofaffin ƙunshi yake bi, daga Afrilu zuwa Satumba. Shekara tara bai taɓa saɓawa ba."

Tripathi ya dubi jerin tambayoyinsa masu kyan nahawu. Ya tuna dogon rubutun jiya da ya hana a ƙarasa.

"Yaushe?" ta ce.

"Ɗazu. Da gari ya fara wayewa. Gwaggonki tana wurin."

"Ya sha wahala?"

"Ta ce ruwa ya nema. Ban ga alamar wahala a fuskarsa ba, beti, 'yata. Da na gani da na faɗa miki, yanzu kam ba ni da sauran ƙarya."

Ba ta yi kururuwa ba. Wani sauti ta yi, kamar wadda aka danne wa ciki, sai kuma numfashi. Ya riƙe wayar da hannu biyu ya jira. Ta bango yana jin kukan matan yana tashi yana sauka.

"Shi ya ce ka ɓoye mini?"

Ya karanta mata layi ukun.

"Akwai jirgi ƙarfe ɗaya," ta ce, kamar da kanta take magana. "Zan iso gobe da safe." Sai kuma: "Kai me ka gani, Tauji?"

Shekara goma sha ɗaya yana da amsar wannan tambayar a shirye, ya sha maimaita ta shi kaɗai a ɗakin nan. Ka bar komai ka zo. Ya buɗe baki, sai ya ga ba ita ce ke fitowa ba.

"Ni ba a tambaye ni ba, shi ne ciwona. Ke ga shi kin sani. Abin da zan iya ce miki kawai, in kin zo gobe shi za ki tarar, in kin zo jibi ma shi za ki tarar. Ba wanda zai taɓa shi. Ko zan kwanta a bakin ƙofar ne."

Ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta yanke.

"Ka je ƙarƙashin gadonsa," ta ce. "Ƙunshin Agusta ya kamata mu yi yau. Ka zaɓo mini goma daga ciki, ko waɗanne."

"Ɗakin cike yake da mata, beti."

"Na sani. Ka je da ni."

Ya fita da wayar a kunne, almakashin a hannu, ba takalmi. Ɗaliban ɗakunan haya sun taru a lungu cirko-cirko, wasu da littafi a hannu, yatsa a tsakanin shafi don kada su ɓatar da inda suka tsaya. Suka buɗe masa hanya. A cikin ɗakin an kunna fitilar mai a wajen kan Baijnath, an rufe shi da farin ƙyalle. Phulmati ta ɗago, ta ga wayar, ta ga fuskarsa.

"Ta sani," ya ce.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya laluba ƙarƙashin gado. Ƙunshin Agusta ne a gaba. A samansa, maƙale a cikin zaren, akwai takardu biyu a ninke. Ɗaya an rubuta Asabar, ɗaya Lahadi. Goma-goma, da sawun kyankyason nan, layukan ƙarshe suna gangarowa ƙasa kamar hannun ya gaji.

Ya zauna daɓas a kan siminti.

"Ya riga ya rubuta," ya ce a wayar. "Har na gobe. Da ma na duba."

"Karanta."

Ya karanta. Da farko matan suka dube shi kamar ya taɓu. Wata tsohuwa ta fara cewa wane irin rashin ta-ido ne wannan, a gaban gawa, sai Phulmati ta dafa mata gwiwa. Ɗakin ya yi tsit, ba a jin komai sai muryar tsohon malami tana tambayar wace jiha ce ta fara wane shiri, da 'yar ƙaramar murya daga cikin waya tana amsawa, tana tsayawa, tana ja da hanci, tana ci gaba. A ta bakwai ta yi kuskure. Tripathi ya duba amsar da Baijnath ya rubuta a gefe, ya miƙa hannu ya ɗauko kofin ƙarfen, ya buga sau uku. Ta gyara.

Da suka kai goma ya buga sau biyu.

"Ba wa Gwaggo wayar," in ji Sulekha.

Bai ji abin da ta ce mata ba. Phulmati dai ta yi ta kuka tana cewa to, to, 'yata, to. Da ta ajiye sai ta dubi Tripathi da jajayen idanu.

"Sai ka nemo ƙanƙara. Manya. Kuma kai za ka yi wa mutanen ƙauyenmu bayani, ni ba zan iya da bakinsu ba."

Kafin azahar mai keken kaya ya kawo ƙanƙara huɗu lulluɓe da buhu da garin katako. Aka kwantar da Baijnath a kai. Dangi suka zo suka yi ta magana, Tripathi ya ɗauko kujerarsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya amsa wa kowa da kalma ɗaya ko biyu, har suka gaji suka koma cewa da ma mutumin ba shi da kirki. Ƙanƙarar tana narkewa ana sauyawa. Ruwan yana bin kwanar ɗaki ya fita ta ƙarƙashin ƙofa zuwa kwata.

Lahadi ƙarfe bakwai ya karanta mata takarda ta biyu tana tsaye a layi a ƙofar wurin jarrabawar. Ta ci goma.

Litinin da hantsi ta shigo lungun da jakarta a kafaɗa, sanye da rigar sanyin da ba ta dace da garin ba. Ta tsaya a gaban kujerarsa. Ya yunƙura zai tashi, ta sunkuya ta taɓa ƙafarsa don girmamawa, ya ga babban yatsanta na hagu shuɗi ne da tawadar dangwalen da ake sa su yi a ɗakin jarrabawa.

"Na yi miki ƙarya," ya ce.

"Ta minti biyu. Kuma ba ka iya ba."

Ta cire takalmi ta shiga. Matan suka matsa. Ta durƙusa a cikin ruwan sanyin, ta yaye ƙyallen daga fuskar, ta gyara masa gashin goshi da wannan shuɗin yatsan.

"Babuji," ta ce a hankali, "ta bakwai ɗin nan ta fito a jarrabawar."

Da maza suka ɗaga makarar suka nufi bakin kogi inda ake ƙona gawa, ita a gaba riƙe da tukunyar garwashi, Tripathi ya tsaya jan ƙofa. Ƙafarsa ba ta sauri, zai tarar da su a hanya. A bakin dokin ƙofar jaridar safiyar tana nan inda aka jefo ta, a ninke, ba wanda ya ɗaga. Ruwan ƙanƙarar ƙarshe ya biyo ta ƙarƙashinta, ta jiƙe har rabi, baƙaƙen shafin baya sun fara bayyana ta cikin na gaba.